Neman Bahago a Bayan Ƙyallen Majigi

Tun da na dawo ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. A masallaci a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, har wanda rabona da shi tun sallar bara sai ga shi a zaurenmu wai ya zo gaisuwa, alhali labarin majigi ya zo ji. Na faɗa har maƙogwarona ya bushe. Ilu wanzami kuma yana can yana ba da nasa, kullum da ƙarin gishiri. To ga nawa tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ina da wa, Garba, wanda kowa ke kira Bahago. An tafi da shi soja lokacin da ake ɗibar mutane don yaƙin ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Da damina wani mutumin ƙauyen gabanmu, wanda aka sallamo saboda ciwo, ya zo ya zauna a zaurenmu ya ce ya baro Garba kwance da zazzaɓi a Ikko, birnin bakin teku, tun kafin a shiga jirgin ruwa, kuma daga baya ya ji an ce bai tashi ba. Baffa Sani, ƙanen mahaifinmu da ke riƙe da gida tun rasuwar Baba, ya ce ba za a bar yarinyar mutane a rataye ba: da zarar dawa ta shiga rumbu za a yi sadaka, Ladi matar Garba ta shiga takaba. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba ta kuma ji komai a jikinta ba. Haka gidan ya zauna, ana gaisawa da safe ba a kallon idon juna.

Ana cikin yankan dawa Ilu ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da bakinsa cike. Ya ce an nuna majigi a ƙofar gidan hakimi, ya ga sojoji baƙar fata suna haƙa rami, ya kuma ga ɗaya yana haƙa da hagu.

"Wallahi Inna, Bahago ne," in ji shi. "Ni nake yi masa aski tun yana yaro. Ko a cikin duhu na san ƙeyarsa."

Matsalar ɗaya ce: Ilu ne ya faɗa. Mutumin da ya taɓa rantse mana cewa ya ga kifi ya haɗiye ɗan akuya. Baffa ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran laujensa. Inna ta jawo ni ɗaki ta ce, "Sale, kai kuka yi noma kafaɗa da kafaɗa. Je ka gano mini. Abin da ka ce shi za a yi." Da asuba na tarar Ladi ta ƙulle mana ƙuliƙuli da dakakken gero a tsumma.

Ba zan ɓoye ba, murna ta fi tsoro yawa a zuciyata. Ban taɓa wuce Ɗambatta ba, ban kuma taɓa ganin majigi ba. Ni da Ilu muka bi ta Makoɗa, gona na bin gona, ko'ina mutane na kan yanka da ɗauri. Kun san halinmu, ba a wuce mai aiki ba a ce masa sannu, don haka tafiyar ta zama rabi tafiya rabi gaisuwa. Ilu kuma bai iya ganin kai da gashi ya wuce. A ƙarƙashin wata ɗorawa ya zaunar da wani dattijo ya kwashe masa suma, yana yi yana ba shi labarin yadda ya ga Bama da idonsa. Na ce masa in ya ci gaba haka sai yaƙi ya ƙare ba mu kai ba.

Maganata kuwa ta kusa tabbata. Muka isa Ɗambatta muka tarar motar majigi ta yi arewa, wajen Kazaure. Muka sauka a gidan wani mahauci, abokin Ilu, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka mai kitse har sama. Mai gidan ya ga majigin shi ma, amma da na tambaye shi ko ya lura da mai haƙa da hagu sai ya ce shi dai shanun da aka nuna ya kalla, kuma ramammu ne.

Da safe Ilu ya yi abin da zan daɗe ina gode masa. Ya hango direban wata motar gyaɗa da za ta yi arewa ba kaya, gemunsa duk ya hargitse, ya matsa ya yi masa gyaran fuska har da man shafawa, direba ya ce mu hau baya. Ranar na fara hawa mota. Jama'a, ni na san itace ba ya tafiya, ba yaro ba ne ni. Amma da motar ta ɗau gudu sai ga kuka da gawo suna tsere suna komawa Ɗambatta, cikina kuma ya yarda da su, ya ƙi yarda da ni. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina dariya kamar wawa. Ko da muka sauka, ƙasa ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin ƙafata, har na kama kafaɗar Ilu.

An tsayar da mu ne a kan iyakar ƙasar Kano da ta Kazaure. Ba katanga, ba ƙofa, inuwar tsamiya ce kawai da benci da masu yin lambar rigakafin agana. Duk wanda ba shi da tabo a damtse sai an yi masa kafin ya wuce. Na miƙa hannu, aka ɗan karce ni, shi ke nan. Da aka zo kan Ilu sai aka neme shi aka rasa. Mutumin da ke yi wa jama'a ƙaho da tsaga, wanda ya yi wa rabin samarin ƙauyenmu kaciya, a bayan mota aka same shi tsugune wai yana duba taya. Sai da direba ya riƙe masa hannu, shi kuwa ya kau da kai yana salati. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da yake bayarwa.

A Kazaure ma muka makara. Aka ce majigi ya yi gaba zuwa wani gari mai babbar kasuwa a kan hanyar Daura, zai kwana biyu a can. Muka sauka wurin wani fatoma, mai saukar da fatake, muka raba zaure da masu jakuna da jakunan kansu. Ruwan rijiyarsu da ɗanɗanon kanwa, furarsu kuma yaji ya fi nono yawa, Ilu yana sha yana hawaye yana yabawa. A jikin bango na ga wata hauya mai ƙota doguwa fiye da tsayina. Wani bafatake daga arewa ya ce da ita suke noma, a tsaye, ba sunkuyawa. Na ce masa a wurinmu wanda ya yi noma a tsaye ba za a ba shi mata ba. Ya ce, "Ku kuna duƙawa don mi? Ƙasar ta ce ku yi mata sujada?" Muka yi ta musu har aka kira salla, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai san noma ba.

Daga nan a ƙafa muka ƙarasa, yashi yana cin ƙafa, rana ta faɗi muna hanya. Tun daga nesa muka ji rurin inji da wata murya mai ƙarfi da ba ta yi kama da ta mutum ɗaya ba. Na bar Ilu a baya na sa gudu. Filin kasuwa ya cika maƙil, ba masaka tsinke. An kafa sanduna biyu an ɗaure farin ƙyalle a tsakani, haske yana fitowa daga motar yana dukansa. Muka yi ta kutsawa ba mu sami wuri ba, sai a ɗaya gefen ƙyallen, inda tsofaffi da baƙi irinmu suka zazzauna. Hoton yana ratsowa tar, muka ce ai duk ɗaya ne.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ba da ido kaɗai ake kallon majigi ba. Wata babbar motar soja ta taso kanmu gadan-gadan. Na san ƙyalle ne, na ga igiyar da aka ɗaure shi da ita, amma sai na tsinci kaina kwance a kan cinyar wani dattijo. Ilu, wanda ya riga ya gani a Ɗambatta, shi ya fara kwanciya. Aka nuna ruwan sama a wani daji mai duhun ganye, tsigar jikina ta tashi, dattijon nan ya ja rigarsa ya rufe kai. Aka nuna ana kwasar shinkafa daga tukunya, tururi na tashi, yawuna ya tsinke, hancina yana ta neman ƙanshin bai samu ba.

Daga nan ɓangarenmu ya rikice. Sojojin suka zauna cin abinci, kowanensu ya sa hannun hagu a kwano.

"Innalillahi," in ji dattijon. "Abin da ake koya wa 'ya'yanmu ke nan a can?"

Wani Bature ya zo ya miƙa wa wani saje hannu, shi ma hagu. Tsofaffi suka shiga tsaki da salati. Ni kuwa tawa damuwar daban ce, don nan da nan aka nuna masu haƙa rami da diga, jere, sun ba mu baya, kuma kowanensu bahago ne. Na yi tafiyar nan duka don in nemi mai haƙa da hagu, ga su nan an jera mini kamar buhunan gyaɗa. Na juya na kalli Ilu, na ji kamar in shaƙe shi.

"Wallahi a Ɗambatta da dama suka ci," in ji shi. "Ko sun sake hali ne a hanya?"

Na mai da idona kan ƙyalle don kada in yi masa rashin kunya. A can ƙarshen layi akwai guda ɗaya da ke haƙa da dama. Ban kula shi ba, tunda ba shi nake nema ba. Sai na ji dattijon ya ture ni ya ce in daina hawa kansa. Ashe ina ta jirkicewa gefe ban sani ba, duk lokacin da mutumin nan ya ɗaga diga sai kafaɗata ta kauce. Abin da na saba yi ke nan a gona tun ina yaro. In kana huɗa kusa da bahago dole ka riƙa ba shi hanya, in ba haka ba garmarku ta haɗu. Numfashina ma ya bi saransa. Ya yi sara, ya yi sara, ya tsaya ya goge goshi da kafaɗa ba tare da ya saki ƙota ba, ya bugi bakin diga da diddige don ƙasa ta zube. Hawaye ya zubo mini alhali kaina yana cewa ba shi ba ne, wannan da dama yake aiki.

Wata tsohuwa mai tallan dafaffiyar gyaɗa ce ta raba gardamar. Ta ji tsofaffi na ta tsine wa cin hagu, ta ce, "Ku baƙi ne ko? Ai bayan ƙyalle kuke. Nan komai a juye yake. Ku zaga gaba ku ga ko akwai mai ci da hagu."

Ilu ya dafe kai. "Madubi," ya ce. "Sale, kamar madubina ne. Damansu ce hagunmu."

Kafin ya rufe baki na miƙe. In duk na hagun nan na dama ne, to na daman nan guda ɗaya shi ne bahago. Na tattaka ƙafafun mutane, na sha zagi iri-iri, na zaga gaba. Ina isa aka ɗauke sojoji aka sa yadda ake shanya gyaɗa. Ban taɓa tsanar gyaɗa ba sai ranar.

Da safe na je wurin motar. Tafintan da ke magana ta lasifika yana zaune a inuwa yana shan koko, mutum siriri mai fara'a, muryarsa ƙarama ƙwarai in ba ta ƙarfen nan ba. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai yi mini dariya ba. Ya ce za a sake nunawa da yamma. Na tambaye shi ko sojojin suna Ikko ne.

"A'a, Malam Sale. Wannan dajin ƙetaren teku ne. Sai da suka sauka daga jirgin ruwa aka ɗauki hoton."

Na ji kamar in rungume shi. Wanda ya mutu a Ikko ba ya haƙa rami a ƙetaren teku. Sai na ce, to in na yi masa magana yau zai ji?

Ya ajiye ludayinsa. "Ba zai ji ba. Abin da ke kan ƙyallen nan ya riga ya wuce, an ɗauka ne an aiko. Zan iya ce maka ya haye ruwa da ransa, in dai shi ne. Na yau kuwa, Allah kaɗai Ya sani. Kada ka kai wa tsohuwa abin da ya fi haka."

Maganar ta yi mini nauyi, amma gaskiya ce, na kuma gode masa. Tun la'asar na je na zauna a gaba, daf da ƙyalle, Ilu yana gefena yana gaya wa kowa cewa shi ya gano sirrin madubi. Da duhu ya shiga aka kunna. Motar soja ta taso, na sake kaucewa, ko kunya ban ji ba. Sojoji suka ci abinci da dama kamar 'ya'yan mutane. Sannan aka zo wurin rami, kowa na haƙa da dama, sai guda ɗaya a ƙarshen layi, hannun hagu a gaba. Kafaɗata ta kauce, wannan karon ta gefen da ta saba. Ya goge goshi, ya bugi diga da diddige, ya saɓa ta a kafaɗa ya yi 'yan taku ya fice daga ƙyallen. Bai juyo ba ko sau ɗaya. Na san ba zai ji ba, an riga an gaya mini, amma ba a wuce mai aiki. Na ce, "Sannu da aiki, Yaya." Manoman da ke kusa da ni suka ji, ba wanda ya yi dariya, wasu ma suka ce sannunku da aiki.

Komawa gida ba ta da labari, sai dai ƙafa da ta kumbura da Ilu da bai yi shiru ba. Muka tarar ana ɗora damin ƙarshe a rumbu. Baffa ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta zauna a bakin ɗakinta, Ladi tana tsaye a bayan turmi. Na faɗi komai yadda yake, har da maganar tafinta, ban rage ba ban ƙara ba.

Baffa ya saurara har na gama. "Ka ga fuskarsa?"

"Ban gani ba, Baffa."

"Ka ji muryarsa? An faɗi sunansa?"

"A'a."

"To Sale, bahago ɗaya ne a duniya? Ni ma ɗana ne. Amma ba zan riƙe 'yar mutane a kan ƙeyar wani da aka gani a jikin ƙyalle ba."

In aka bi ta magana shi ke da gaskiya. Na ji Ladi ta ja numfashi. Sai Inna ta ce, "Bar faɗa da baki. Ɗauko garma ka nuna mini abin da ka gani."

Na ɗauko. Ban taɓa riƙe garma da hagu ba, na zaci zan ba da kunya. Na rufe ido na tuno ƙyallen, na bar jikina ya yi abin da ya ga dama. Na yi sara, na yi sara, na goge goshi da kafaɗa, na bugi bakin garma da diddige, na saɓa ta na taka zuwa bakin rumbu. Da na juyo, Baffa ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma. Shi ya koya wa Garba huɗa, shi ya yi ta dukan hannun hagun nan don ya koma dama bai koma ba.

Inna ta ce, "Me ya sami ƙafarsa?"

"Wace ƙafa, Inna?"

"Ta dama. Yana ɗingisa ta. Da ƙafarsa lafiya ya bar gidan nan."

Na ce ni ban ga ɗingishi ba. Na kalli majigin nan har sau biyu, da akwai da na faɗa. Ta ce in sake takawa. Na sake, ina sauraron kaina, sai na ji ƙafata ta dama tana taɓa ƙasa da ɗoki tana ɗagewa da wuri, kamar mai gudun ƙaya. Na tsaya cak a tsakar gida, garma a kafaɗa. Tun daga garin nan na ɗauko ɗingishin wana na kawo shi gida ban sani ba.

Baffa ya miƙe, ya karɓi garmar daga hannuna ya jingine ta a jikin rumbu. Ya ce geron da aka ware don sadaka a mayar da shi ciki.

Inna ta share ido da bakin zanenta ta dubi Ladi. "Je ki a yi miki kitso," ta ce. "In kin dawo ki nemo mini man kaɗanya mai kyau a ajiye. Ƙafar nan za ta so a gasa ta."